Karatun abinci mai gina jiki ta intanet: kwas na kyauta, satifiket ɗin koci ko digirin jami'a?

Duk wanda ya taɓa neman kwas ɗin ilimin abinci mai gina jiki a wayarsa ya san abin da ke biyo baya, kafin kwana biyu talla ta cika masa Facebook da Instagram, wannan ya ce cikin wata uku ka zama ƙwararre, wancan ya ce an yi ragi amma daren yau ragin zai ƙare, ga jami'o'i da nasu, ga na kyauta, sai kan mutum ya ɗaure ya rasa ta inda zai kama. Ni in aka tambaye ni wanne ya fi, tambaya nake mayarwa: ranar da ka gama, me kake so a bar ka ka yi? Don a fannin nan ilimi daban, takarda daban, izinin duba marar lafiya kuma daban, kowanne da ƙofarsa. Yawancin waɗanda na ga sun yi da na sani, kwas ɗin da suka biya ba shi da laifi, kawai dai ba ya kai mutum inda su suke son zuwa.

Hanyoyin da zan gwada huɗu ne. Gajerun kwasa-kwasai na kyauta ko masu araha, satifiket ɗin koci, wato mai horar da mutane kan cin abinci, na kamfanoni masu zaman kansu, karatun gaba da digiri na jami'a da ake yi daga nesa, sai hanyar samun lasisin aikin asibiti. Amma bari in fara ajiye ma'aunin tukuna.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko kuma babba, wa ya san takardar? A nan akwai sunaye biyu da ake yawan cakuɗawa, dayatishan, wato mai izinin tsara wa marar lafiya abinci, da nutirishanis, wato masanin abinci mai gina jiki. A Ingila sunan dayatishan doka ce ke tsare da shi, ba ka isa ka kira kanka haka ba sai kana cikin rajistar HCPC, hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya. Shi kuwa nutirishanis doka ba ta tsare shi ba, kowa zai iya buga kati ya rubuta, shi ya sa ƙungiyar Association for Nutrition ta buɗe rajista ta sa-kai, mai digirin da ta amince da shi ya shiga a matsayin ANutr, in ya tara shekarun aiki ya koma RNutr. A Amurka kuma mai son lambar RDN, wato dayatishan mai rajista, sai ya bi shirin da hukumar ACEND, mai tantance shirye-shiryen karatun fannin, ta amince da shi, ya yi aikin horo a ƙarƙashin kulawa na aƙalla awa 1000, ya ci jarabawar CDR, hukumar da ke yi musu rajista, kuma tun 1 ga Janairu 2024 sai yana da digiri na biyu kafin ma a bar shi ya zauna jarabawar. Kowace ƙasa da tata dokar, amma tsarin kusan ɗaya ne: akwai hukumar da ke cewa wane ya cancanta ya tsara wa marar lafiya abinci a matsayin magani, kuma ba kamfanin da ya sayar maka da kwas ba ne wannan hukumar. Akwai wani likita ɗan jarida a Ingila da ya taɓa biyan kuɗi ya samo wa kyanwarsa, wadda ta riga ta mutu, takardar zama mamba a wata ƙungiyar masu ba da shawara kan abinci ta Amurka, don kawai ya nuna cewa ba a binciken komai in dai ka biya. Abin ya tsaya min a rai sosai, saboda irin wannan takardar ce wani bawan Allah zai gani a bango ya miƙa lafiyarsa.

Na biyu, zurfin kimiyyar. Wannan ne wurin da na fi tsananta wa. Kowane kwas zai gaya maka giram ɗaya na kabohaidiret kalori 4 ne, furotin 4, maiƙo 9, kuma yana da kyau ka iya, ka ɗauki kwalin abinci ka ga kabohaidiret giram 30, maiƙo giram 10, furotin giram 5, ka lissafa 120 da 90 da 20 ka samu 230 ka duba ko ya yi kusa da abin da suka rubuta. Amma wannan baƙi ne kawai, ba a kai ga wasali ba. Abin da ke raba mai ilimi da mai hadda shi ne iya karanta bincike. Misali ɗaya ya isa. An daɗe ana lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa, waɗanda sinadarin beta karotin ya yi yawa a jininsu, ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka ɗauka in an ba mutane sinadarin a ƙwaya zai kare su. Da aka gwada a Finland a kan maza masu shan taba sama da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar ƙaruwa ta yi a cikin waɗanda suka sha ƙwayar, wani gwajin kuma a Amurka mai suna CARET dole aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa saboda dalili irin wannan. To kwas ɗin da bai koya maka bambancin binciken lura da gwajin da ake raba mutane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a ba, gobe wani zai zo maka da "bincike ya nuna" ka haɗiye, ka kuma ɗura wa wasu. Saboda haka kafin ka biya ka buɗe manhajar kwas ɗin ka duba: akwai yadda jiki ke aiki, akwai kemistirin jiki, akwai hanyoyin bincike da ɗan lissafin ƙididdiga? In babu ko ɗaya ka san iyakarsa.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani. Kuɗi, har da wanda ba a faɗa a talla, irin su littattafai da kuɗin jarabawa da na sabunta takarda da data. Daɗewa, wato shekara biyar ko goma nan gaba takardar tana da sauran daraja, kuma ilimin bai tsufa ba? Don fannin nan yana motsi, ƙa'idojin abinci na gwamnatin Amurka ma duk shekara biyar ake sake su, a na 2015 ne aka cire iyakar miligiram 300 na kolestarol a rana da aka daɗe ana koyarwa. Sai sauƙi, zai shiga cikin rayuwarka da aikinka ko sai ka ajiye komai. Na ƙarshe haɗari, na aljihunka da kuma na mutanen da za su saurare ka.

Hanya ta ɗaya: gajerun kwasa-kwasai

Su ne irin na dandalin karatu ta intanet Coursera da edX, waɗanda duka aka kafa a 2012, da FutureLearn, da OpenLearn na Open University ta Ingila wanda shi kyauta ne gaba ɗaya. Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, wadda ta yi suna a harkar abinci da noma, tana da kwasa-kwasai a edX, ɗaya kan manyan sinadaran abinci da matsalar ƙiba, wani kan ƙananan sinadarai irin bitamin da ayon, wato sinadarin ƙarfe, da matsalar tamowa. Stanford na da gabatarwa mai sauƙi a Coursera kan abinci da lafiya. Sannan hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da makarantarta ta intanet kyauta, UNICEF ma na da Agora, su kuma sun fi karkata ga aikin al'umma, ciyar da jarirai, tamowa, agajin gaggawa.

Kuɗi dai kusan babu, wasu ka kalli darussa kyauta ka biya in kana son satifiket, wasu kuɗin wata-wata ne kaɗan, Coursera kuma na da fom ɗin neman tallafi ga wanda ba shi da hali. Sai dai ka duba da kyau ranar da za ka yi rajista don dokokin me ke kyauta me ba kyauta ba suna yawan canzawa. Wajen inganci, gaskiya wasu daga ciki sun fi kwas ɗin da ake biyan kuɗi mai yawa, malaman da ke koyarwa a aji su ne a bidiyon. Na tuna daren da na fara fahimtar dalilin da ya sa ayon ɗin nama ya fi saurin shiga jiki kan na ganye, da yadda bitamin C ke taimaka wa na ganyen, shayi kuma ya rage shi in an sha tare, waya jingine da kofi, ina tsayar da bidiyo ina zana hoton hanji a littafi ina mayarwa baya, wallahi daɗin da na ji ranar ba kaɗan ba ne, kuma ko sisi ban biya ba.

Matsalarsu biyu. Ta farko gamawa, babu mai bin ka, babu malamin da zai ce ina aikinka. Wani nazari da masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2019 kan kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne na masu rajista suka kai ƙarshe a zangon 2017 zuwa 2018. Ta biyu, takardar shaidar halarta ce kawai. Za ta yi maka ado a takardar neman aiki, ta nuna kana da himma, amma ba ta ba ka wani suna ko izini. Haɗarin kuɗi ba shi da yawa, haɗarin da ke akwai shi ne mutum ya gama sati shida ya ji kamar ya haɗiye fannin.

Hanya ta biyu: satifiket ɗin koci

Nan ne tallar ta fi zafi kuma nan ne aka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe. Sanannu a ciki akwai Precision Nutrition, da na NASM da ISSA waɗanda asalinsu horar da masu koyar da motsa jiki ne, da Institute for Integrative Nutrition. Yawanci ba sa neman digiri kafin ka shiga, kana karatu yadda ka ga dama, wata kaɗan zuwa shekara ɗaya, jarabawa a kwamfuta. Kuɗinsu daga ɗaruruwan dala ne zuwa dubbai, ya danganta da kamfani da kuma ko ka faɗa lokacin ragi, kuma wasu sai ka riƙa sabuntawa bayan 'yan shekaru da ƙarin kuɗi, to ka tambayi wannan tun farko.

Abin da suka iya, kuma ban raina shi ba ko kaɗan, shi ne koyar da yadda ake tafiya da mutum. Sanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, sukarin da ake ƙarawa kuma kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, abu ne mai sauƙi. Sa mutumin da ya shekara talatin da sabonsa ya rage, ya kuma ɗore bayan sati uku lokacin da zumuɗi ya wuce, wannan shi ne aikin, kuma jami'o'i da yawa ba sa ba shi lokacin da ya kamata. Kwas ɗin koci mai kyau zai koya maka yin tambaya ba tare da ka kunyata mutum ba, da ɗora masa canji ɗaya ƙarami maimakon goma, da abin da za ka ce ranar da ya dawo ya ce ya kasa.

Amma iyakarsa a fili take, kuma kamfanonin kirki da kansu suna rubuta ta a cikin darasi: koci yana aiki da masu lafiya ne, ba ya gano cuta, ba ya tsara abinci a matsayin magani. Dalilin ba wai son kai na ma'aikatan asibiti ba ne. Ka ce wa mai ciwon ƙoda ya yawaita 'ya'yan itatuwa da ganye saboda haka aka koya maka, alhali ƙodarsa ba ta iya fitar da fotashiyam, sinadarin ya taru ya taɓa bugun zuciya. Ka sa mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya canza yawan ganyen da yake ci farat ɗaya, bitamin K ya rikita aikin maganin. Ka sa mai ciwon suga da ke allurar insulin ya yanke kabohaidiret ba tare da an gyara allurar ba, suga ya faɗi ya sume. Ko wanda ya daɗe cikin yunwa a cika shi da abinci lokaci guda, fosfet ɗin jininsa ya zube, abin da kan iya kai wa ga rasa rai. Duk waɗannan shawara ce da a baki take kamar mai kyau. Shi ya sa nake cewa haɗarin wannan hanya ya fi na sauran, don tana ba ka take da ƙwarin gwiwa da wuri, mutane kuma ba sa bambancewa, da sun ji kana harkar abinci za su kawo maka takardar gwajin jininsu. In ka san kana da ƙarfin halin cewa wannan ya fi ƙarfina je ka ga likita, to bismilla.

Sannan a ƙarƙashin sanannun akwai tarin ƙanana da ba a san asalinsu ba. Ni kaina na taɓa biyan wani, shafinsu cike da tambarin "amincewa" har guda uku, na gama cikin sati biyu, jarabawar kuma in ka faɗi sai ka sake dannawa har ka ci. Da na bi diddigin masu tambarin sai na tarar ba hukumar gwamnati ko ta sana'a ko ɗaya a ciki, ƙungiyoyi ne da ake biya su ba da tambari. Kuɗin ya yi min ciwo amma abin da ya fi damuna shi ne wasu abubuwan da na koya a ciki daga baya sai da na zauna na warware su ɗaya bayan ɗaya. Alamomin da zan ce ka guje musu: kwas ɗin da ya ginu kan tsarin cin abinci guda ɗaya tak ya ce shi ne maganin komai, wanda ke haɗa ka da sayar da ƙwayoyin ƙarin sinadari ko shayin wanke ciki, wanda bai faɗi sunayen malamansa da karatunsu ba, da wanda agogon ragi ke ƙirgawa a saman shafi kullum. Biyan kuɗi kafin ka ga manhaja sayen kifi a ruwa ne.

Hanya ta uku: jami'a daga nesa

Wannan karatu ne na sosai, kawai dai ajin ne babu. Jami'ar Aberdeen a Sukotlan tana da digiri na biyu ta intanet a fannin abinci na asibiti, makarantar Friedman ta Jami'ar Tufts a Amurka na da satifiket na gaba da digiri ta intanet, akwai wasu da dama. Tsarin Birtaniya yana da wani abu da nake so, hawa-hawa ne: kiredit 60 ka samu satifiket na gaba da digiri, 120 difloma, 180 cikakken mastas. Kuma kowane kiredit ana ƙiyasta shi awa 10 na aiki, ka ga mastas kusan awa 1800 ke nan, in ka raba shi shekara uku yana kai wa sama da awa 11 kowane sati ba hutu. Ka yi wannan lissafin da gaske kafin ka shiga, ka dubi aikinka da iyalinka, saboda ranar miƙa aiki ba ta san an yi maka baƙi ko netwok ya ɗauke ba. Amfanin hawa-hawan shi ne in kuɗi ko lokaci ya yanke a tsakiya, a jami'o'i da yawa za ka iya fita da takardar matakin da ka kai, ba ka tashi a tutar babu ba.

Shiga ba ta da sauƙi kamar sauran. Galibi suna son digiri na farko a kimiyya ko fannin lafiya, da shaidar Turanci irin IELTS ga wanda suka nema. Kuɗi kuwa dubban daloli ne ko fam, shi ya fi na biyun farko nesa ba kusa ba, ko da yake wurare da yawa ana biya darasi-darasi. Abin da kake saya da kuɗin nan shi ne malamin da zai karanta rubutunka ya ja jan layi ya ce wannan hujjar ba ta tsaya ba, da laburaren da zai buɗe maka mujallun bincike, da aikin bincike naka na kanka a ƙarshe. Ta fuskar daɗewa ba ta da na biyu, digiri ba ya ƙarewa, ba a sabunta shi, ko kamfanin da ke riƙe da dandalin ya samu matsala sunan jami'ar ne a takardarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kamfanin 2U da ya sayi edX a 2021 sai da ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a 2024, dandalin ya ci gaba da aiki amma ya nuna cewa su ma kasuwanci ne.

Tarkon da ke nan guda ɗaya ne kuma mutane masu hankali suna faɗawa: mastas a ilimin abinci, ko da an rubuta "na asibiti" a sunansa, ba lallai ya mai da kai dayatishan ba. Yana iya buɗe maka aikin bincike, koyarwa, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin sarrafa abinci, lafiyar al'umma, ko ya ƙara wa likita da nas da mai haɗa magunguna zurfi a aikin da suke da lasisinsa tun da. Amma lasisi sabo, sai in hukumar ta ce wannan shirin na cikin waɗanda ta amince da su.

Hanya ta huɗu: neman lasisi

A nan gaskiya ɗaya ce, ba a gama shi a kan allo. Ana iya yin darussan daga nesa, a Amurka akwai shirye-shiryen da ACEND ta amince da su masu yin haka, amma awannin horo sai ka tsaya da ƙafarka a asibiti da wuraren dafa abincin jama'a da cibiyoyin al'umma, kuma a wasu shirye-shiryen nesa kai ne za ka nemo wanda zai kula da kai da wurin da za ka yi, abin da kan zame wa ɗalibai wahala fiye da karatun. Kuma daidai ne a ce sai an je. Za ka iya karanta cewa yaro ɗan wata 6 zuwa 59 in kaurin dantsensa bai kai milimita 115 ba yana cikin tamowa mai tsanani, amma gano tsakiyar dantse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, da zagaya tef ɗin ba ka matse ba ba ka saki ba, yaro na kuka uwa na kallon fuskarka tana son ta karanta amsa, wannan sai wani ya tsaya a kanka ya gyara maka hannu. Haka lissafin abincin da ake ba marar lafiya ta bututu.

Ita ce mafi tsada in ka haɗa kuɗin makaranta da shekarun da za ka yi da watannin horo da galibi ba albashi. Kuma bayan ka samu ba a gama ba, mai RDN sai ya tara awa 75 na ƙarin ilimi duk shekara biyar, masu rajistar HCPC kuma duk shekara biyu suke sabuntawa. A nan ne ma gajerun kwasa-kwasan intanet ke dawowa da amfaninsu. Haɗarinta shi ne lasisi na ƙasa ne, wanda ka samu a wata ƙasa ba dole wata ta karɓa kai tsaye ba.

A taƙaice cikin jadawali

| | Gajeren kwas | Satifiket ɗin koci | Jami'a daga nesa | Hanyar lasisi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kyauta ko kaɗan | Matsakaici, wani da kuɗin sabuntawa | Mai yawa | Mafi yawa |
| Lokaci | Awanni zuwa makonni | Watanni zuwa shekara | Shekara 1 zuwa 3 | Shekaru, har da horo |
| Sharaɗin shiga | Babu | Galibi babu | Digiri na farko | Sharuɗɗan hukuma |
| Zurfin kimiyya | Mai kyau amma gutsure | Ya danganta da kamfani | Mai zurfi | Mai zurfi, da aikin hannu |
| Daɗewar takarda | Ba ta da nauyi sosai | Tana bin sunan kamfani | Har abada | Muddin kana sabuntawa |
| Duba marar lafiya | A'a | A'a | Ba ita kaɗai ba | E |
| Babban haɗari | Rashin gamawa | Wuce iyaka, kamfanin bogi | Zaton lasisi ne | Rashin wurin horo, bambancin ƙasa |

To wa ya dace da wanne?

In don kanka da iyalinka kake so, ka gane abin da ke rubuce a jikin kwali, ka daina ruɗuwa da kowane bidiyo, gajeren kwas ya ishe ka, kar ka kashe kuɗi. Ɗauki ɗaya tak, sa masa rana da lokaci kamar aji, ka riƙe littafi da biro. Haka wanda bai tabbatar ko fannin zai yi masa ba, ya fara da na Wageningen, in ya wuce darussan narkewar abinci da sarrafa maiƙo a jiki yana jin daɗi to ya san zai iya ɗaukar mai nauyi.

Mai koyar da motsa jiki, ko wanda ke son taimaka wa masu lafiya su gyara cin abincinsu da nauyinsu, satifiket ɗin koci daga sanannen wuri ya dace da shi, amma ni zan so ya haɗa da gajeren kwas na jami'a ko biyu don kimiyyar ta zauna, ya kuma nemi dayatishan ko likitan da zai riƙa tura wa duk wanda ya zo da ciwon suga, ƙoda, juna biyu mai matsala ko cutar ƙin cin abinci.

Nas, ungozoma, likita, mai haɗa magunguna, ku kuna da lasisinku, abin da kuke nema zurfi ne. Satifiket na gaba da digiri mai kiredit 60 ya fi muku satifiket ɗin koci amfani, in ya yi daɗi ku ci gaba zuwa difloma. Ma'aikacin ƙungiyar agaji ko lafiyar al'umma ya fara da na FAO da Agora yau ɗin nan tunda kyauta ne kuma yaren aikin ne, mastas ya biyo baya lokacin da ya ga ana neman sa a guraben da yake hange. Mai son bincike ko koyarwa a jami'a kuwa mastas ne kai tsaye, kuma ya zaɓi mai aikin bincike a ƙarshe.

Wanda kuma burinsa ya tsaya a gefen gadon marar lafiya ya rubuta abin da za a ba shi, hanya ta huɗu ce kawai, sauran ukun ba za su kai shi ba ko ya haɗa su duka. Kafin ya biya ko kuɗin fom, ya rubuta wa hukumar da ke rajistar masu wannan aiki a ƙasar da zai zauna, ya sa cikakken sunan shirin da na makarantar, ya tambaya ko wanda ya gama shi zai iya rajista da kuma inda aka yarda ya yi awannin horo, ya jira amsa a rubuce ya ajiye ta.